Goyon Ciki a Ɗakin Gwaggo

Da ana mayar wa mutum maganar da ta riga ta fita bakinsa, akwai guda ɗaya da zan roƙa a mayar mini. A bakin rumbu na faɗe ta, da rana tsaka, ga mace mai ciki da ta zo mini da abin da ke cin zuciyarta. Matata ce, uwar 'ya'yana. Ban zage ta ba, ban ɗaga mata hannu ba, amma na tsufa ina jin nauyin wannan magana. Wadda ta gyara ɓarnar da na yi, ita muka kai makwancinta makon jiya. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Karatuna ba mai nisa ba ne. Allo na yi, sai ɗan abin da na tsinta a lakol, makarantar boko, kafin a mayar da ni gona. Amma na ga in ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru za a ce wata tsohuwa ce mai kitso ta mutu, shi ke nan.

Mu kanmu haka muka ɗauka. Tsohuwa ce ƙwarai, mijinta ya daɗe da rasuwa, sa'o'inta duk sun riga ta. Tabarmi kaɗan muka shimfiɗa a ƙofar gida don masu gaisuwa. Kafin azahar sai ga amalanke daga Gidan Sori cike da mata. Can sai ga 'yan kabu-kabu daga Cadakori, kowane da mace a bayansa. Wasu tsofaffi ne, wasu da goyo. Suka wuce mu da gajeruwar gaisuwa suka shige cikin gida, har tsakar gida ta kasa ɗaukarsu.

Limaminmu, wanda ba a garin aka haife shi ba, ya matso kusa da ni ya ce, "Wai marigayiya ungozoma ce?"

Na ce, "Ko kusa. Ko kaza ake yankawa sai ta juya baya."

"To magani take bayarwa?"

"Kitso kawai take yi, Liman."

Ya dubi amalanken, ya dube ni.

Wata mata daga Gidan Rumji, mai sayar da hatsi a kasuwa, ta tsaya ta yi mini gaisuwa. Ta dafa kanta ta ce, "Baba, kan nan nawa ya kwanta a cinyarta lokacin da nake da cikin wancan." Ta nuna wani mai gemu da ke riƙe da babur. "Da ba don ita ba, da ni da shi babu wanda zai zo gaisuwar nan." Ta ja gyalenta ta shige.

Matata kuwa ba ta shiga cikin masu kuka ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin Gwaggo, ta sake sharewa, sannan ta zauna a bakin ƙofa inda marigayiya ke shimfiɗa tabarmar kitso. Hawaye na zuba, ba ta share su. 'Yarmu ta fari ta zo ta ce mini, "Baba, ban taɓa ganin Inna haka ba." Ni na taɓa gani, tun ita mai maganar tana cikin ciki.

Gwaggo doguwa ce siririya, haƙoranta ja da fure da goro. Ba ta da saurin hannu. Kitson da wata za ta gama kafin tuwo ya nuna, ita sai ta wuni a kansa, in ta kusa ƙarewa kuma ta ce, "Kai, wannan layin ya karkace," ta tsefe ta sake. 'Yan mata masu ɗokin biki ba sa zuwa wurinta. Masu ciki su ne mutanenta. In ta hangi mai ciki a bakin rijiya ta ga fuskarta ba daidai ba, sai ta ce, "Ke, wa ya yi miki wannan aika-aika a ka? Biyo ni." Ko da jiya aka yi kitson.

In mace ta kifa kai a cinyarta, ba ta tambayarta komai. Takan ce, "Tambaya aikin jandarma ne, masu kama ɓarayi. Ni ki ba ni kan, bakin naki ne." Mace tana kife, ba ta ganin idon kowa, hannu na tafiya cikin gashinta a hankali. Wata ta yi barci, wata ta yi kuka, wata ta yi ta magana har la'asar. Ba a taɓa jin maganar da aka yi a tabarmar nan ta fito waje ba.

Mu maza kuwa ba ta raga mana. Ta sha faɗa mana a gaban jama'a, "Ku da kun ga ciki sai ku fara taya ragon suna. Wadda ke ɗauke da cikin, ko fuskarta ba ku duba."

Matata ɗiyar makiyaya ce. Duk kaka iyayenta kan sauka a gonarmu, shanunsu su ci kara su bar mana taki, da haka mahaifina da mahaifinta suka ƙulla zumunci har ya kai ga aurenmu. Hausarta a lokacin ba ta nuna ba, yara har kwaikwayonta suke yi. Ba ta damu ba, mai yawan dariya ce.

Auren bai daɗe ba aka shiga babbar yunwa, ta biyu a zamaninmu. Ruwa ya sauka muka yi shuka, ta tsiro ta ƙone. Muka sake, ta sake ƙonewa. Aka koma cin dussa da ganyen jiga da 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa an zubar da ruwa an sake jiƙawa kafin ɗacinsu ya fita. Mata na tona gidan tururuwa don ɗan hatsin da ke ciki. Shanu suka fara faɗuwa a tsaye. Surukina ya tattara sauran da ke iya tafiya ya nufi kudu, wajen Najeriya. Ranar da za su tashi uwar matata ta riƙe hannunta ta ce za su dawo kafin lokacinta ya yi, domin a lokacin tana da ƙaramin ciki, na farko. Tun daga nan har ta haihu ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

A wurinmu mai cikin farko ba ta ambatonsa, kunya ce. In ya tsufa sai a kai ta gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego, sannan a maido ta. Kowace yarinya ta san da haka, da shi take kwantar da ranta. Matata ciki na girma, ita kuwa ba ta da gidan da za a kai ta. Inda bukkokin iyayenta suke, sai duwatsun murhu.

Sai ta yi shiru. Dariya ta ɗauke. In an zuba mata abinci sai ta tura wa ƙannena. Ta daina gyara kanta, ta daina zuwa hira wurin mata. Takan zauna ta fuskanci danga, tun hantsi har rana ta juya. Wani lokaci tana daka sai a ga taɓarya ta tsaya, hawaye na sauka cikin turmi.

Mu kuma muka yaba mata. Mahaifiyata takan ce wa baƙi, "Kun ga kunya irin ta Fulani? Tun da ta samu ciki ko ido ba ta haɗawa da mu. Ga haƙuri, abincinta ma yara take ba." Ni da kaina na yi alfahari da ita a dandali, na ce ta wasu na damunsu da kwaɗayin ciki, tawa ko tari ba a ji. Tana nutsewa a gabanmu, muna sa mata albarka.

Ranar nan ina cikin rumbu ina share ƙasansa ko zan tara abin kunu, sai na ji motsi a waje. Na leƙo na gan ta tsaye, kanta a sunkuye. Yarinyar da ko sunana ba ta iya faɗi, ka duba irin abin da ya tura ta har ta zo.

Ta ce, "Malam, zuciyata ba ta tare da ni. Abin nan da ke motsi, tsoronsa nake ji. Ba ni barci. Wani lokaci sai in ji da ma gari ya waye ba ni."

Ina cikin ƙura, cikina babu komai, raina a ɓace. Na ce, "Ke kaɗai ce mai ciki a garin nan? Mutane na binne 'ya'yansu, ke ana ba ki abinci kina turewa, sannan ki zo mini da raki. Ki gode wa Allah ki rufe mini baki."

Ta ce, "To."

Ta juya ta tafi, ni kuma na koma shara ta.

Gidan Gwaggo danga ɗaya ce ta raba shi da namu, akwai ma ɗan wurin da ake ratsawa. Ita ta lura da abin da muka kasa gani. Ta kira matata kitso. Na dawo daga daji na leƙa ta kan danga, sai na ga Gwaggo da ɗan kasko a gefenta, tana lakato man shanu tana shafa wa matata a gashi. Man shanu, a shekarar da ko miyar sarki ba ta gan shi ba. Ashe ta daɗe tana ɓoyonsa.

Na ɗaga murya na ce, "Haba Gwaggo! Yara na kwana da yunwa, ke kina zuba mai a ka?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Man naka ne?"

"Ba nawa ba ne, amma wannan almubazzaranci ne."

"Na ba ta a baki ta ƙi. To ta inda ya shiga, ta nan zan sa shi. Kai ɗan yayana, wuce ka ba mu wuri, inuwarka na tare mini haske."

Mata biyu da ke wurin suka yi dariya. Wannan dariyar ce ta ci ni. Da yamma na ce wa matata kada in sake ganin ƙafarta a gidan Gwaggo, can ake koya mata shagwaɓa. Ta ce to. Ta kuwa bi maganata. Ƙofa ɗaya ta rage mata a garin nan, ni na rufe ta da hannuna.

Bayan 'yan kwanaki aka ce motar gwamnati ta kawo jar dawa ta taimako Gidan Rumji. Duk mazan gari muka tafi layi. Na dawo da ɗan abin da na samu a ka, na tarar da gida a hargitse. Ba a ga matata ba tun hantsi. An duba rijiya, an duba maƙwabta. Gwaggo ma ba ta nan.

Na bi sawu ta hanyar kudu. Sawu biyu ne, ɗaya ba takalmi. Na yi ta tafiya cikin gonakin da babu ko kara, ina wuce gawawwakin shanu. Wajen la'asar na hango su ƙarƙashin wata aduwa kusa da busasshen gulbi. Gwaggo na zaune ta miƙe ƙafa, matata na kwance ta ɗora kai a cinyarta, tafin ƙafarta duk ƙaya da jini. Daga nesa ina jin muryarta, tana magana tana shessheƙa, ba ta tsayawa. Na yunƙura zan ƙarasa, Gwaggo ta ɗaga mini hannu. Na gane. Na koma na tsuguna can nesa kamar ɓarawon da aka kama, har rana ta yi ja.

Daga baya na ji yadda aka yi. Gwaggo ta gan ta ta fita ba tulu ba ƙwarya, ta bi ta. Da ta cim mata ta ce, "Ɗiyata, ina zuwa?" Ta ce, "Wurin innata." Gwaggo ba ta ce ina innar take ba, ba ta ce ta dawo ba. Cewa ta yi, "To rage sauri, ni ma can za ni." Suka yi ta tafiya tare har ƙafa ta gaza.

Washegari Gwaggo ta shigo gidanmu ta sami mahaifina ta ce, "Yaya, na zo ɗaukar ɗiyata goyon ciki."

Mahaifina ya ce, "Wace ɗiyar taki? Ke fa dangin miji ce. Ina aka taɓa yin haka?"

Ta ce, "Ina aka taɓa ganin damina ta wuce ba a kai ko dami ɗaya rumbu ba? Bana komai sabo ne. Yarinya na neman uwa, uwar ba ta nan. Ko ku ba ni ita, ko gobe ku sake bin sawu, kuma ba lalle ku tarar da ita ƙarƙashin itace ba."

Mahaifiyata ta ce, "Ai kunya ce irin tasu."

Gwaggo ta ce, "Mai kunya tana cin abinci in ba kowa. Wannan ko ita kaɗai ce ba ta ci. Ni na taɓa zama inda take zaune, na san wurin."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, ba ta kuma ƙara ba. Mahaifina, wanda ya san ƙuruciyarta, ya sunkuyar da kai ya ce a yi yadda ta ce.

Na ɗauka za ta ja ta ne ta ratsa danga. Ina! Ta ce ba a kai goyon ciki ta ɓarauniyar hanya. Ta tara matan unguwa, wannan ta ɗauki ƙwaryar matata, waccan ta ɗauki tabarmarta, suka fita ta ƙofar gidanmu, suka zaga ta masallaci, suka bi ta rijiya, suka ratsa dandali, sannan suka dawo ƙofar gidan Gwaggo da ke jikin tamu. Wata tsohuwa ta gwada guɗa, muryar ta ƙi fita don yunwa, sai tari. Mutanen da suka daɗe ba su yi dariya ba suka yi ranar.

A bakin ƙofa Gwaggo ta juyo ta nuna ni ta ce, "Ku shaida, daga yau ba ni da ɗan wa a gidan can. Suruki gare ni."

Ba wasa take ba. In na zo sai na yi sallama daga waje, na tuɓe takalmi, na tsuguna. Ta bar ni a tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sannan ta ce, "A'a, suruki ne? Mi ka kawo wa ɗiyata?" In 'ya'yan aduwa ne in ajiye, in tafin dawa ne in ajiye. In ba komai ta ce, "To ka kawo gaisuwa, an gode. Gaida mutanen gidanku." Gidan da take jin tarin mutanensa ta danga.

Kada wani ya ɗauka matata ta warke ranar da ta shiga ɗakin nan. An daɗe ana fama. Ƙwarya ɗaya suke ci, in ta ƙi sai Gwaggo ta janye hannu ta ce, "Shi ke nan, mu zauna. In na mutu a ce ke kika kashe ni." Sai ta ɗan taɓa. Wata rana a gan ta tana tsintar tsakuwa cikin dawa tana amsa hira, washegari ta koma ta fuskanci bango. Gwaggo ba ta taɓa barinta ita kaɗai ba, ko rijiya za ta sai da ita. Kitso kuwa an yi shi an tsefe ba iyaka.

Matata ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya. Ta ƙi kallonta. Mata suka ce kunyar ɗan fari ce, suka yi ta tsokanarta. Gwaggo ta sallame su. Takan ɗora mata jaririyar a ƙirji, ita kuma ta zauna a bayanta ta tallafe su duka biyun har a gama shan nono. Arba'in ta wuce na aika a maido mini iyalina, ta ce a faɗa wa suruki lokaci bai yi ba. Sai ran da ta ji ta da kunnenta tana yi wa yarinyar waƙa, sannan ta ce in zo in ɗauki matata.

Da damina ta dawo, surukina ya dawo shi kaɗai, da sanda, ba ko maraƙi. Matarsa ta rasu a can kudu tun kafin a haifi jikarta. Maza muka rasa mai faɗa wa matata. Gwaggo ta ce mu bar mata, ta shimfiɗa tabarma ta kira ta kitso.

Mun zauna da matata shekaru masu yawa, har ga mu da jikoki. Ba ta taɓa tayar mini da maganar rumbu ba. Tana yi mini biyayya, tana dariya da ni, ta yi jinyata da na kwanta. Amma abin da ke cikin ranta ba ta sake kawo mini shi ba, ko sau ɗaya. Duk cikin da ta yi bayan nan, in abin ya taso mata, sai in ga ta yafa zane ta ratsa danga. Ni kuma in zauna a wannan gefen ina jin muryarta ƙasa-ƙasa.

Wata jikata da ta yi lakol mai zurfi ta ce mini wannan abu ciwo ne sananne, yana kama masu ciki da masu jego ko ana yunwa ko ana ƙoshi, kuma yanzu in an je likita ana taimakawa. Na ce mata da ma mun sani.

Da ciwon ajali ya kwantar da Gwaggo na je na zauna kusa da ita. Ta rame, amma bakin na nan. Ta ce, "Suruki, yau mi ka kawo?" Na ce tambaya na kawo. Na ce, "Gwaggo, don Allah, ranar nan ƙarƙashin aduwa, da duk kwanakin da ta yi a ɗakinki, me take faɗa miki? Na tsufa ban sani ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Wa ya sani? Da Fillanci ta yi ta yi. Ni kuwa in ban da gaisuwa da cinikin nono, mi na iya a Fillanci?"

Na ce, "To me kike ce mata?"

"In ta tsaya in ce, to, ina jin ki. Sai ta ci gaba."

Na fito na zauna a gindin danga, na daɗe ban tashi ba. Shekarun nan duka ina rarrashin kaina da cewa Gwaggo na da wani sani irin na mata wanda ni ba a ba ni ba. Ashe ko maganar ba ta ji. Ni kuwa da Hausa aka faɗa mini, a fili, kalma bayan kalma.

Allah ya gafarta wa Gwaggo, ya sa aljanna ce makomarta, ya ba matan da ta bari haƙurin rashinta. Ku kuma da wannan ya isa gare ku, abu ɗaya nake roƙo. In mai ciki ta yi shiru a gidanku, kada ku yi gaggawar yaba mata. In ciwon ya yi nauyi ku kai ta likita. In kuma ta daure ta zo ta buɗe muku baki, kome kuke yi ku ajiye, ku zauna. Tawa sau ɗaya ta zo.